Mazarin da Na Zaɓa wa Inna

Kwanakin baya ɗiyata ta fari ta je biki Argungu. Da ta dawo ba ta wuce gidanta Gwadangaji ba sai da ta biyo ta nan unguwarmu Badariya a Birnin Kebbi, ta zube mini tsaraba a kan tabarma: busasshen kifi, albasa, da wani ɗan abu naɗe a takarda. Na warware takardar, sai ga mazari. An shafe tsinkensa da man ƙyalli, gululun kuwa, wato dunƙulen yumɓun nan da ke ƙasan tsinke, an zane shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ta ce, "Mama, ai kin ce kun yi kaɗi da kuna yara. Wurin masu sayar wa baƙi kayan gargajiya na gan shi, na ce bari in kawo miki ki jingina bisa kabad." Kafin in yi tunani hannuna ya riga ni, na kafa shi a ƙasa na murza. Ya yi tangaɗi sau uku ya faɗi. A raina na ce wannan bai taɓa ganin auduga ba, ba kuma zai gani ba, amma a fili sai na sa mata albarka. A daidai murzawar nan gindin babban yatsana ya soke ni kamar an caka allura. Na tura hannun cikin zane, na shiga tambayarta mutanen biki.

Washegari da hantsi na ɗauko littafin da ya rage mini tun ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in rubuta abin da mazarin nan ya tono, tun da sauran ƙarfin riƙe fensir.

Gidanmu na Argungu yana dab da gangaren fadama. Baba manomin shinkafa ne, in ruwa ya janye ya dasa albasa, yana kuma da 'yar gonar auduga a tudu wadda kowa ya san ta Inna ce ko da ba a faɗa ba. Abin da na fi tunawa da gidan nan shi ne sautinsa. Da sassafe masunta kan wuce ta bayan danga, gorunansu na gwabzar juna, suna tari suna gaisawa. Sai taɓarya ta karɓa, gida ya amsa wa gida har ƙarshen unguwa. In hantsi ya dubi ludayi, maza sun watse, an ɗauraye kwanoni, sai kowace mace ta fito da taskirarta, ɗan kwandon kayan kaɗi, gindin tsamiyar tsakar gida. Wata na gurza auduga a kan magurji, ƙarfen na cewa ƙir ƙir, angurya, wato 'ya'yan audugar, na tsalle tana faɗawa ƙoƙo. Wata na shiɓa da ɗan baka, audugar na tashi fara sol tana sauka a gashin kanmu. Sannan a naɗe ta sutu-sutu, a dangwali alli da yatsa, a kafa mazari a kan 'yar fata. Daga nan sai wani siririn sauti ya cika gidan, kamar na ƙudan zuma in suna nesa. Hira ma takan rage ƙarfi don kada ta danne shi. Inna tana daga cikin ɗaki takan gane mazarin wa ke juyawa, ta ɗaga murya ta ce wance ki ƙara alli, kuma a duba a ga haka ne.

Yanzu in na zauna a tsakar gidan nan da hantsi, abin da nake ji shi ne janaretan maƙwabta, da hon ɗin masu keke mai ƙafa uku, da waƙa daga wayar jikokina. Ban ce zamanin nan ba shi da daɗi ba. Bayana ya san bambancin turmi da injin niƙa, wuyana ya san bambancin tulu da famfo, kuma atamfar da ɗiyata ke saya mini ta fi duk abin da muka ɗaura sauƙin wanki. Sai dai a da in ka ɗaura zane ka san hannun da ya kaɗa zarensa, ka san ranar da ta yi fushi don zaren ya yi tauri a wurin, ka san ranar da take nishaɗi. Yau zane ba ya gaya maka komai game da kowa.

Ina da kamar shekara bakwai aka ce na isa mazari. Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, gida uku tsakaninmu, duk unguwa Gwaggo ake ce mata. Ita ke murza gululu ta gasa, ta feƙe tsinke ta haɗa. Ta shigo da faifai cike da mazarai, ni kuwa idona ya faɗa kan wani mai zanen fari da ja, na yi wuf na cafke. Inna ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ba ta hana ba. Kwana uku ina fama da shi. Zare ya tsinke, in ƙulla, ya tsinke. Yatsana ya yi bororo, na ɓuya bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi. A rana ta huɗu Inna ta kama hannuna muka tafi gidan Gwaggo, ta durƙusar da ni gaban faifan.

"Ruhe idonki," in ji ta.

"Inna, in na ruhe ƙaƙa za ni gani?"

"Wa yac ce ki gani? Yatsun ga biyu su za su wuni da shi, bari su zaɓa."

A ranar ta koya mini duk abin da na sani. A fara mirgina tsinken a kan dutse mai santsi, in yana da ɗan karkata za a ji yana ɗingishi. A ɗora shi a tafin hannu a ji nauyinsa, kada ya zama kamar ba a riƙe komai ba, kada kuma ya ja hannu ƙasa. A shafa kansa a ji ko zai ci fata. Sannan a kafa a murza, a yi shiru a saurara. Mazarin kirki in ya kama juyi sai ka ce tsaye yake cik, sautinsa ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka. Wanda yatsuna suka zaɓa a ranar ba shi da zane ko ɗigo. Na buɗe ido na ga muninsa na turo baki, Gwaggo ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma da shi na kaɗa zarena na farko da bai tsinke ba.

Duk da haka ban zama gwana ba, gaskiya ɗaya ce. Iyakacina abawa, zaren nan mai kauri da laushi da ake kaɗawa da babban mazari. Inna kuwa arafiya take kaɗawa, zare siriri kamar gashi, mai ƙarfi kamar tsarkiya. Mazarinta tsinkensa bai fi na tsintsiya kauri ba, gululun kamar ɗan kurna, ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda daɗewa a hannu. Tun tana budurwa take tare da shi. Masaƙa har daga Birnin Kebbi kan aiko neman zarenta. Inna mace ce mai sanyin hali, ba ta raina kowa, amma a kan abawa tana da ɗan girman kai. Takan ɗaga tawa ta duba ta ce, "To, madalla. Wagga ko jaki anka ɗaure da ita ba shi tsinkewa." Mata su kwashe da dariya, ni ma in yi, don na san ba da mugunta ba ne.

Aka yi mini aure aka kawo ni Birnin Kebbi. Da cikina na fari ya shiga wata bakwai, aka mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. A wurinmu kaka ta wajen uwa ita ke tanadar zanen goyon jikanta na fari, kuma tun cikin yana ƙarami Inna ta aiko mini cewa wannan zane, da zaren tsaye da na kwance da za a saƙa shi da su, duk daga hannunta za su fito, duk kuma arafiya. Ina cikin mota ina ɗokin in ga tulin zaren.

Bazara ce, zafi kamar ana gashi. Na isa na tarar da kowa lafiya, sai dai abu guda ya tsaya mini a rai. Da hantsi mata suka fito gindin tsamiya, Inna ba ta fito da taskira ba. Tana rataye a ɗaki an kife ta da faifai. Na tambaya, ta ce zafi ne ya yi yawa, gumi na ɓata sutu. Ban yarda ba, don tun da nake ban taɓa ganin zafi ya hana ta kaɗi ba. Sai na fara lura. Shara da hagu take yi. Ludayi ya kuɓuce mata sau biyu. In za ta ɗaura kallabi sai ta juya baya.

Wata rana matan gidan suka tafi suna, aka bar mu mu biyu. Na kishingiɗa a rumfa, ta ɗauka barci nake. Can sai na ji ɗan sauti daga ɗakinta, mazari ya fara juyi ya faɗi, ya fara ya faɗi. Na lallaɓa na leƙa ta gefen asabari. Tana zaune ta miƙe ƙafa, ɗan mazarinta a gabanta, tana ƙoƙarin matse tsinken da yatsu biyu, yatsun sun ƙi haɗuwa. Gindin babban yatsanta ya kumbura sumtum. Ta cije leɓe ta sake gwadawa, mazarin ya gangara ƙarƙashin gado. Ba ta bi shi ba. Ta zauna tana kallon hannun kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Na koma rumfa na rufe fuska da mayafi.

Da yamma na ce mata na gani. Ba ta musa ba. Ta ce an shafa man kaɗanya, an gasa da yashi mai zafi, wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu, sauƙi sai na Allah. Ta buɗe wata tukunya ta nuna mini zaren tsaye, ya cika cif, kyakkyawa kamar kullum. Na kwance kuwa ko ƙwaya ɗaya babu. Ga shi masaƙiyar unguwarmu ta aiko sau biyu cewa hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma da zarar ruwa ya sauka za ta naɗe masaƙarta ta koma kai abinci fadama, sai kuma bayan kaka. Ma'ana ko a kai mata zare cikin 'yan kwanakin nan, ko jaririn ya zo ba zanen kakarsa.

Wata maƙwabciya ta ce a kawo ta kaɗa. Inna ta yi mata godiya da fara'a, amma a ranar ba ta ci tuwo ba. Ni ma na gwada.

"Inna, ki bari in kaɗa na kwancen. Ai zaune nike ba abin da nika yi."

"Ke?" Ta dube ni sama da ƙasa. "A ce jikan hwari yaz zo duniya, kakatai na raye da idonta biyu, uwatai tak kaɗa mai zane? Ki bar maganag ga."

Na bari, amma ban daina kallon hannunta ba. Sai na ga wani abu. In tana tuƙa tuwo, muciya ba ta gagararta. Taɓarya ma tana riƙewa. Allura ce da tsinke da bakin kallabi suke gagararta. Ashe hannun bai mutu ba, matse siririn abu ne ba ya iyawa. Na kwana biyu ina juya wannan a raina. Na san yadda ake zaɓar mazari, ita ta koya mini. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake zaɓa wa hannun da ba naka ba, kuma mai hannun ba za ta yarda ta je ba.

Bayan azahar, rana ta kori kowa ɗaki, na yagi bakin wani tsohon zane, na tsinci ƙwallon kurna, na bi ta kafar danga inda mata ke bi, na shiga gidan Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, haƙori biyu suka rage mata, tana zaune a inuwa tana goge wata tukunya.

"A'a, mutanen Birni! Da wanga tulu gabanki kika yawo cikin rana? So kike ki haihu cikin tukwanena?"

"Gwaggo, mazari nika so."

"Wanda anka kai ki da shi hwa? Ko mijin naki ya hura wuta da shi?"

Ta jawo faifan. Ni kuwa na sa ƙwallon kurnar a gindin babban yatsana na dama, na naɗe da tsumman tam, na ja da haƙori na ƙulle. Na gwada haɗa yatsu biyu, zafi ya harba har gwiwar hannu. Na ce to, haka ne.

"Ke ɗiyag ga, kunama tac cije ki, ko sabon yayi na na Birni?"

Na rufe ido na fara. Duk masu siririn tsinke, irin waɗanda Inna ke so, ko ɗaga su ban iya yi da kyau ba, balle murzawa. Na matsa zuwa matsakaita, suna juyawa amma kowace murza sai na ji hawaye. Ciki ya tokare ni, gumi na zuba, na ci gaba da laluben faifan ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa hannuna ya taɓa wani mai kaurin tsinke, gululunsa faffaɗa kamar bakin ludayi. Na kafa shi, ban ma matse ba, gefen yatsa kawai na tura shi da shi. Ya kama juyi. Na saurara. Na ja numfashi na sauke, na sake ja na sauke, yana nan yana tafiya, sautinsa ɗaya. Na sake turawa, ba zafi. Na buɗe ido, sai ga mazarin abawa, marar zane, gefe guda ma wuta ta lashe shi ya yi baƙi.

Gwaggo ta daina dariya tuni. Ta ajiye tukunyarta.

"Hannun uwarki na, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Na sani. Wata biyu ba ta aiko ma awakina angurya ba. Macen da ba ta gurza ba ta kaɗi." Ta karɓi mazarin, ta ɗauki tsingaro ta goge kan tsinken har ya yi sumul, ta miƙo mini. "Amma ji nan. Kada ki ba ta hannu da hannu. Na san ta tun ba ta da wayo. Aje shi inda za ta gani, ki yi kamar ba ke ba."

Ban ji maganar Gwaggo ba. Ƙuruciya da murna suka ɗebe ni, ina shiga gida na kwance tsumman na nufi Inna kai tsaye, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta dubi faɗin gululun, ta dubi baƙin wutar.

"Mazarin abawa."

"Inna, ba shi da zahi ga yatsa, in kin gwada..."

"Ni za a kawo ma mazarin abawa. Har na kai nan." A hankali ta faɗa, ba faɗa ba tsawa, kuma da ta yi tsawar da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta jefa shi cikin kwandon angurya, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai ci abinci, sha ruwa, tashi daga rana. A daren farko iska ta taso da ƙanshin ruwa, aka yi ta walƙiya a gabas, bai dai sauka ba. Da safe masaƙiya ta leƙo da kanta, suka gaisa da Inna, ba wadda ta ambaci zare, ta fita tana kallon sama.

A rana ta uku da hantsi na tono mazarin daga cikin angurya, na ɗauki sutu daga taskirar Inna, audugarta mai kyau wadda ta shiɓa da kanta tun hannun na lafiya, na zauna gindin tsamiya daidai ƙofar ɗakinta na fara kaɗi. Zaren ya fito wani wuri kamar igiya, wani wuri kamar zai rabu. Mazarin na tsayawa ina sake turawa ba kan gado. Har yau in aka tambaye ni ko da gangan na ɓata kaɗin nan, sai in ce Allah ne masani, dama ni ban taɓa zama gwana ba. Matan gida suka tsayar da nasu mazaran. Na ji motsi a bayan asabari. Na ci gaba. Zaren ya tsinke, na ƙulla shi ƙulli mai muni, na ci gaba.

"Ke!" Asabari ya ɗaga. "Mi kika yi ma sutun ga? Audugata ta, ba tsumma ba! Ɗaga hannun hagu. Ba haka ba. Kai, kawo nan, kawo in gwada miki."

Ta zauna dirshan a gefena, ta fizge sutun, ta dangwali alli, ta kafa mazarin ta tura shi da gefen yatsa. Ya kama juyi. Ta ja audugar sama a hankali, zare ya biyo hannunta sumul, kauri ɗaya tun daga ƙasa har sama. Ta naɗe, ta sake turawa. "Kin gani? Haka aka yi," in ji ta, amma muryar ta riga ta canza. Ta naɗe, ta sake turawa. Ba ta miƙo mini ba, ni ma ban miƙa hannu ba. Sutu ya ƙare, na ɗauko wani na ajiye kusa da gwiwarta, ta ɗauka ba ta dube ni ba. Sai sauran mata suka kafa nasu mazaran ɗaya bayan ɗaya, gidan ya koma da sautinsa.

Wajen miƙa mata sutu na uku ne ta kama hannuna. Gindin yatsana ya yi baƙi inda ƙwallon kurna ya kwanta, ga shatar tsumma kewaye da shi. Ta duba, ta danna a hankali, na ce wash. Ta dubi nata hannun, ta dubi nawa, wuri ɗaya ne daidai. Ba ta tambaye ni ba, ban gaya mata ba. Da la'asar ta kira ni ɗaki, ta buɗe ɗan kaskon man kaɗanyar da take shafa wa nata, ta lakata ta shiga murza mini, ta daɗe tana murzawa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da cikin ga kinka tahi cikin rana. Ba ki da hankali."

Kwana tara ta yi tana kaɗi, daga hantsi zuwa azahar, in hannun ya gaji ta huta. Da aka kai wa masaƙiya, ta warware ɗan zaren ta shafa a kumatunta, ta ce ita dai tun da take saƙa ba ta taɓa ganin abawa irin wannan ba, kuma in don jariri ne ma ta fi arafiya, don ba za ta goge masa fata ba. Inna ta ce ai ta sani. Ranar da aka yanke zanen daga masaƙa, a ranar ruwan farko ya sauka, masaƙiya ta shigo da shi a guje ta ɓoye shi cikin mayafi. Bayan kwana shida na haihu, mace. Kunyar ɗan fari ba ta bar ni na goya ta a gaban mutane ba, don haka bayan da ya fara ɗaukarta cikin zanen nan na Inna ne.

Inna ba ta ƙara kaɗa arafiya ba. Ta naɗe ɗan mazarinta a tsumma ta sa a ƙasan tukunya. Da wancan mai baƙin gefen ta ci gaba har shekarar da ta rasu. In an tsokane ta an ce yau ga Inna da abawa, sai ta ce, "Tawa ba irin taku ba ta."

Na kai nan a rubutu ke nan ranar Juma'a, sai ga ɗiyar tawa ta shigo daga makarantar da take koyarwa. Ita ce jaririyar. Har yau ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ban saba zama kusa da ita in daɗe ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ta ga littafi a cinyata, ta ce me nake rubutawa. Na miƙa mata, na tashi na buɗe akwati na fito da zanen. Ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya zare, ya goyi 'ya'ya bakwai, amma in ka ɗaga shi a rana kana ganin siririn zare a tsaye da mai kauri a kwance. Ta karanta a hankali, don rubutuna sai da haƙuri. Da ta gama ta shafa zanen, ta ɗago ta dube ni.

"Mama, ran nan da kinka murza mazarin can, na ga kin ɓoye hannu."

"Sanyi na. Ba komi."

"Haka Inna tac ce, zahi na."

Ta kwance ɗankwalinta na ciki, ta fita tsakar gida ta tsinto 'yar tsakuwa, ta dawo ta zauna dab da ni, gwiwarta na taɓa tawa, ta miƙo hannun dama.

"Gwada mini inda shika yi miki ciwo. Ki ɗaure daidai wurin."

Na ce ai ni na bar kaɗi shekaru da yawa, ko auduga ba ni da ita. Ta ce jikar Gwaggo na nan tana ginin tukwane, ta gan ta wurin biki, auduga kuma ba ta gagara ba. Hannun dai na nan a miƙe. Sai na kama shi. Tun tana jaririya rabona da in riƙe hannun nan haka. Na sa tsakuwar a gindin yatsanta, na naɗe, na ja tam har ta ce wash. Ta ɗauko mazarin nan mai ja da kore daga kan kabad, ta kafa shi a ƙasa.

Na ce, "Ruhe idonki."

Ta rufe, ta murza. Ya yi tangaɗi ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta buɗe ido, ba ta bi shi ba.

"Wanga ba naki ba na," in ji ta. "Gobe da sahe ina tahiya Argungu."

Ta tashi za ta tafi, har ta kai ƙofa, hannun na ɗaure ba ta kwance ba. Na ce mata in ta samo, kada ta ba ni hannu da hannu.